Man Kaɗe a Ƙafafun Kujeru

Rabi ƙawata, ko da yake na haife ki, tun da kin ce mijinki na shirin tahiya da ke ci-rani, bari in ba ki nawa labarin.

Tunkiyata munka sayar a kasuwar Ƙonni munka yi kuɗin mota, ni da Malam Idi, baban yaran nan, daga Tsarnawa har Abijan. Ya samu aiki wurin wani kafinta da ake kira Patoro. Ba sunanshi ba ne, mai gida ke nan da bakinsu. Gam kuwa lakol suke ce mishi, sunan da muke kiran makarantar boko da shi; na yi sati ina mamakin yadda ake dafa makaranta cikin gwangwani. Ga wari, kamar an babbake ƙafar saniya.

Ɗakinmu na bayan shagon, a ƙofarmu ake tara ƙafafun kujerun da anka fere kafin a haɗa su. Kin san mu, sabon akushi ko muciya sai an shafe shi da mai don kar ya tsage. Na ga icce fari fat, babu mai kula da shi, tausayi ya kama ni. Kullum in Malam ya tahi azahar, Patoro ya tahi cin rogonshi, sai in ɗauko man kaɗena in bi su ɗaya ɗaya, har bakin da ke shiga rami. Da bisimilla nike yi, ina neman lada.

Sai kujeru sunka fara dawowa. Wata mata mai jiki ta shigo da ƙafa guda a hannu, tana ɗingishi.

Malam ya ce gam ya yi ruwa, ya ƙara kauri. Ta ɓalle. Ya ce iccen ne bai bushe ba, ya shanya. Ta ɓalle. Ya ɗaure da igiya kwana biyu. Ni ko ina ta ƙara mai, don na ga abin na tsagewa.

Ran nan Patoro ya zare wata ƙafa, gam ɗin ya saɓule kamar ɓawon albasa. Ya shafa, ya sansana.

"Idirisa, mai ne. Lakol ba ya kama wurin da mai ya taɓa. Ka ci abinci ka zo ka dafa mini katako?"

"Patoro, mutumin da ke alwala sau biyar?"

"To ka yi goma. In kujerar Litinin ta ɓalle, ka koma garinku."

Ina bayan labule, gwangwanin man na cinyata. Washegari da azahar na jiƙa toka, na wanke bakin ƙafafun nan tas, na goge da takardar yashi har yatsuna sunka yi jini. Malam kuwa ya sayo sabulu sanda guda.

Ran Litinin Patoro ya hau kujera ya yi tsalle. Ko motsi.

Shekara huɗu munka yi, munka dawo da zarto da abin fera, ga rumfar Malam nan bakin hanya. Har yau ba ya taɓa katako sai ya wanke hannu sau uku, duk wanda ya koya wurinshi haka yake yi, yana ce musu sirrin Abijan ne. Na nemi gafarar Allah, ta Malam ce na kasa nema. Don girman Allah, Rabi, ko mijinki kar ya ji, gobe Malam zai kawo gadon da ya haɗa muku.