Ranar da Aka Kama Ni Ina Tauna Fufu

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Awudu kafinta na unguwar Anloga a Kumasi, wanda ya taɓa kafe takalman ladan da ƙusa.

A Kumasi haɗiye fufu ake yi, ba a taunawa. Bara abokai suka kama ni ina taunawa. Na ce loma ce ke tsaya mini a ƙirji. Abokina Sule ya ce, "Awudu, wannan wasan bai yi ba, sake wani." Ba wanda ya yarda sai da koko ma ya ƙi wucewa.

Likita ya ce cutar kansa ce a hanyar abinci, irin wadda ba a cika gani ba. Wai daga ƙwayoyin da ke ba fata launi ta tsiro, kuma sai an yi mini aiki.

Yanzu Kawuna ya ce alhakin ladan ne, kada a yanka ni, in sha rubutu kawai. Kawu, da girmanka, rubutu zan sha, aiki kuma sai an yi ranar Talata. Ladan ɗin ma shi zai raka ni.

Duk wanda loma ke tsaya masa ya tafi asibiti, ko ana dariya. Ina gaida Sule. Ka wanke turmi, ina dawowa in haɗiye a gabanka.