Awon Albarushi a Misfala

A wata rumfar shayi a unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, wani alhaji ɗan Maraɗi ya tsaya yana kallon tsohon mai shayin. Sai tsohon ya zuba ganye a tafin hannu, ya kaɗe kaɗan da yatsa, sannan ya jefa a buta.

"Baba, wannan ai awon albarushi ne."

Tsohon ya ɗago kai. "Kai ma maharbi ne?"

"Ina taɓawa. Na ci gadon bindigar kakana, amma duk harbin da na yi sai ya kauce."

"Cika ta kake yi, alhaji. Kowace tsohuwar bindiga da nata awon. Tawa na daɗe ina ragewa ina ƙarawa kafin ta yarda da ni. Daga nan barewa ba ta ƙara tsere mini ba."

"Tana ina yanzu?"

"Tana gida, a hannun ɗana. Ni kuwa ga ni a garin da ko tattabara ba a kora. Ba ni da iƙama, takardar zama, in na fita ba dawowa."

"Ka dai koya masa awon?"

Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Na ce masa sai na dawo daga Hajji. An ce yanzu shi ma ya yi furfura."