Mai In-ina Ya Sayi Mota da Bakinsa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kina lafiya, ke da masu sauraro. Sunana Sabi'u, tela ne ni a Roni. Wasiƙa na rubuto, ban bugo waya ba, saboda ina da in-ina. Kafin in gama gaisuwa katina ya ƙare.

In-inar nan ta daɗe tana cutar da ni a kasuwa. Ina cikin kokawa da kalma mai kaya zai ce ya sallama, a kan kuɗin da ban taya ba. Ko keken ɗinkina, Kawu Ilu ne ya yi min cinikinsa.

Na tara kuɗin mota ta hannu don in daina kai Inna asibiti a bayan babur, sai ga Kawu ya tafi Nijar. Na ɗauki bakanike muka nufi Kazaure. Ashe wurin da muka shiga ba a tayi, kuɗin kowace mota yana rubuce a gilashinta. Wani Alhaji ya yi ta zuba zance, mai wurin ya ce, "A yi haƙuri Alhaji, yadda aka rubuta haka ne."

Bakanike ya duba inji, ya gyaɗa min kai. Na dafa motar na ce, "Wa-wa-wannan." Mai wurin ya jira har na ƙarasa. Na biya, ya miƙo min makulli.

A gaida min Kawu Ilu. A gaya masa ranar da zai dawo, ni zan ɗauko shi a tasha.