Ƙasar da Na Raba wa Ɗalibaina

Gaisuwa gare ka, mai karanta mana wasiƙu, da duk masu sauraro. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Yamai.

Da fari ya tsananta bana, sojojin da ke mulki suka ce kowa ya kama noman rani. Na shuka tumatir a garkar lakwal, na raba wa ɗalibaina dashe, kowane da dunƙulen ƙasarsa don kada saiwa ta bushe. Yanzu garkata ta yanƙwane, alhali ba ta rasa ruwa ba. Malamin gona ya ce ƙwayar cuta ce a cikin ƙasar, kuma daga wannan ƙasar na raba wa ɗalibaina. Ya ce akwai wasu ƙwayoyin da suka fi ƙwayar cutar ƙanƙanta masu cinye ta, amma ba mu da su a hannu.

Jiya uwar ɗalibata Hanatu ta tare ni da murna, ta kira ni yadda ake kiran malamin lakwal a nan, ta ce, "Mushe, dashenka ya kama, shi za mu ci bana." Muka rabu ban gaya mata maganar cutar ba.

Jama'a, duk wanda ya karɓi dashena kada ya ba maƙwabci. Kuma ku ba ni shawara: in ce wa matar nan ta tumɓuke, ko in jira?