Na Sa wa 'Yata Sunan Jarumar Littafi

Salamu alaikum Malam, sannu da aiki. Hawa ce mai albasa, daga Bawku.

Ina da ciki na karanta wani littafi, na ɗaya da na biyu. Jarumar, Nuratu, ta shiga raina. Ina zaune a kasuwa sai in ga kamar tana tahowa tsakanin buhuna, mayafinta na kaɗawa. Da na haihu, na roƙi maigida aka raɗa wa jaririyar sunanta.

Shekaranjiya yayata ta aiko min na uku daga Yendi. Malam, wai Nuratu ce ta kashe ƙanwarta! Haba marubuci, me muka yi maka?

Ga tawa Nuratun a bayana, tana murmushi cikin barci. Masu sauraro, ran da ta tambaye ni mai sunanta, in ɓoye na ukun?