Kurkunu Ya Dawo Garinmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, wata uwa ce ke gaishe ka daga Giwa Tazo.

Da anka haƙa muna famfon tuƙa-tuƙa, murna ta sa munka bar yasar tsohuwar rijiyarmu har ta rufta. Bara famfon ya lalace. Ba a koya wa kowa gyaransa ba, munka zauna muna cewa ai na gwamnati ne.

Yanzu tafki muke sha tare da shanu. Kurkunu ya kwantar da maigidana, albasarmu tana bushewa a fadama. Jiya ɗiyata ta nuna min ƙurji a ƙafarta.

Don Allah, wa zai koya wa maƙerinmu gyaran famfon nan? Wallahi ruwan tafkin nan nake miƙa wa 'ya'yana a moɗa.