A Cire Jakina Daga Jerin Annoba

Shugaban taro Malam Tasi'u, mai girma Dagaci, limamanmu, likitocin dabbobi da suka zo daga birni, iyayenmu mata, jama'ar Dangora baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ne Labaran mai jaki. Ina godiya da aka miƙo mini lasifika, duk da an san halina.

Magana ta farko. Bara waɗannan likitoci suka zagaya daga Kiru har Doguwa suna ɗibar jini da majinar dabbobi, domin na'ura ta hango wace ƙwayar cuta ce za ta tsallako jikin ɗan Adam ta zama annobar duniya. Sakamako ya fito. Jemagun ramukan kuza na Riruwai suka zo na ɗaya, biran dajin Falgore na biyu. Dangora kuwa, ko a ƙasan takarda babu mu!

Ta biyu. Ranar kasuwa wani mutumin Riruwai ya dube ni ya ce, "Malam Labaran, ku ko ɓera mai tari ba ku da shi?" Jama'a, zuciya ta ɗebe ni. Na sami Likita Hamdiyya, ga ta nan zaune, na ce mata jakina yana atishawa sau bakwai kowace safiya, jemagu na hutawa a kunnensa, kuma ya taɓa shan ruwa ƙwarya ɗaya da biri. Ta rubuta duka. Na'ura ta sauke jemagu, ta ɗora jakina. Kuka yi ta yi mini barka, har Shitu makaɗi ya yi masa waƙa.

Ta uku, a nan kukana yake. Ranar Alhamis za a zo da mota a tafi da jakin nan a killace, babu ranar dawowa. Masarata na gona, shekara tara shi ke ɗauko mini ita, kuma wallahi ina son dabbar nan. Likita ta ce sai shaidu biyu sun tabbatar ƙarya na yi kafin a goge sunansa. Na bi gida-gida, kowa ya ce, "Haba Malam, dattijo kamarka ba ya ƙarya." Na san dalilinku: ba ku son na ɗaya ya koma Riruwai.

Shekara sittin ina kare mutuncina, yau ga shi na ajiye a gabanku. Don girman Allah, duk wanda ya san ni maƙaryaci ne, ya ɗaga hannu.

Mai ɗakina Hauwa kaɗai nake gani, amma ta ɗaga duka biyun. Likita, a ƙirga.

Allah Ya tsare mu daga annoba, Ya bar wa Riruwai jemagunta, Ya mai da kowa gida lafiya, har da jakina. Na gode.